Harsashi, Albarushi da Bindiga: Yadda Sunaye Uku Suka Yi Musayar Gurbi a Hausa

Tsakure

Takardar ta bi sawun kalmar harsashi daga tushenta na Larabci zuwa yadda take a bakin maharba da 'yan jarida a yau. Hujjar da take kafawa ita ce ba a fahimtar wannan kalma ita kaɗai sai an jera ta da albarushi da bindiga. Ukun sun shigo Hausa a zamanin da abin harbi, da garin da ke tura shi, da bututun da ke fitar da shi suke abubuwa uku daban-daban a hannun mai harbi. Da ƙira ta cure biyu daga cikinsu a kwanso ɗaya, sai ma'anoninsu suka zame, wani ya hau gurbin wani.

Gabatarwa

Ga jimloli uku irin waɗanda kowa zai iya ji a labarun rediyo na yamma ɗaya. Ta farko: gwamna ya aza harsashin ginin sabon asibiti. Ta biyu: likitoci sun ciro harsashi daga cinyar direban. Ta uku: an kama mutumin da bindiga ɗaya da alburusai talatin. Babu Bahaushen da zai rikice a kan ko ɗaya daga cikinsu. Amma wanda ya tsaya ya duba zai ga abu biyu masu ɗaure kai. Kalma ɗaya tana nufin abin da gini ke tsayuwa a kansa, tana kuma nufin abin da ke huda jikin mutum. Sannan albarushi, wanda kakanninmu suka sani a matsayin gari da ake aunawa, yau ya sami jam'i har ana ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Wa ya taɓa ƙirga gari?

Daga dalma zuwa harsashi

Tushen kalmar shi ne ar-rasas na Larabci, da harafin sadi a wurare biyu. Ma'anarta ta asali ita ce dalma, ƙarfen nan mai nauyi da laushi wanda ke narkewa a zafin da bai wuce digiri 328 ba. Wannan sauƙin narkewa ne ya sa aka zaɓe ta wajen zuba ƙwallayen harbi, domin ko a murhun girki mutum zai iya narkar da ita ya zuba a mazubi. Har yau Balarabe yana kiran fensir alƙalamin rasas, yana kuma kiran harsashi guda ɗaya rasasa. Malaman balaga suna da suna ga irin wannan tafiya ta ma'ana, wato majazi mursali, inda ake kiran abu da sunan abin da aka yi shi da shi. Ba Larabci kaɗai ya bi wannan hanya ba. A Turkanci ma kalma ɗaya ce, kurshun, take ɗauke da dalma da harsashi. Turanci da Faransanci da Jamusanci kuwa siffa suka duba, suka kira shi ƙwallo ko ɗan ƙwallo, sunan da ya ci gaba da bin sa ko bayan da ya daina zama kewayayye a tsakiyar ƙarni na 19.

Matakan da suka mayar da ar-rasas zuwa harsashi duk sanannu ne a tsarin sautin Hausa, kuma kowanne yana da abokin tafiya. Na farko, Hausa ta haɗiye kalmar tare da harafin ta'arifi, kamar yadda ta yi wa al-kitab ya zama littafi, al-khabar ya zama labari, as-subh ya zama asuba. Na biyu, ra mai shadda ta sassauta, wasalin da ke bayanta ya faɗi, aka sami arsas. Abin da ya sami ar-rizƙ ke nan har ya zama arziki, kuma wannan misali ya isa shaida shi kaɗai. Na uku, tun da sunaye a Hausa sun fi son ƙarewa da wasali, sai aka liƙa i a ƙarshe. Da zuwan i sai dokar ganɗantawa ta yi aikinta, s ta koma sh, yadda t ta al-waƙt ta koma c a lokaci. Jam'in kalmar ne ke tona wannan asiri. Muna cewa lokaci amma lokuta, muna cewa harsashi amma harsasai. Da zarar i ta kau, tsohon baƙin sai ya dawo mazauninsa.

Saura h ta farko, wadda babu ita a Larabcin. Paul Newman ya nuna tun 1976 cewa h ta farkon kalmomin Hausa da dama ƙari ce da aka yi wa kalmomin da a da suke farawa da wasali, kuma karin harshe yana riƙe da shaidar haka: wasu na cewa hanta wasu anta, wasu haihuwa wasu aihuwa. To amma me ya sa arziki ya tsira babu h, arsashi kuwa ya same ta? A ganina maƙwabtaka ce. Kalmar ba ta rabuwa da harbi, harba da maharbi a cikin zance, kuma duk ukun da har suke farawa ko suke ɗauke da ita. Kunnen Bahaushe ya ji baƙuwar kalma kullum tana tafe da waɗannan 'yan gida, sai ya sa mata irin rigarsu. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke ɗauka cewa harsashi daga harbi aka tsiro da shi. Ta fuskar asali sun yi kuskure, amma abin da kunnensu ya ji yana da tushe.

Akwai abu ɗaya da ya raba Hausa da sauran harsunan da suka ari wannan kalma. A Swahili, risasi tana nufin harsashi tana kuma nufin dalma, wato ta zo da kayanta duka biyu. A Hausar yau ma'ana ɗaya tak ta rage. Lokacin da annobar guba ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, gubar dalma kowa ya ce. Da Larabci za a ce gubar rasas, amma da wani ya ce gubar harsashi da Hausa, da an ɗauka harbe yaran aka yi. Hausa tana da dalma ko darma tun kafin zuwan baƙuwar, ba ta da bukatar wani suna ga ƙarfen. Abin da ba ta da suna gare shi shi ne ƙwallon da ke fita daga bakin bindiga. Wannan yana nuna cewa kalmar tare da bindiga ta shigo, a bakin fatake da mayaƙa.

Harsashin gini

Shin harsashin gini da harsashin bindiga kalma ɗaya ce mai ma'ana biyu, ko kalmomi biyu ne da suka yi kama? Akwai hanyar da za a bi a ce ɗaya ce, kuma tana da jan hankali. Saiwar Larabci da ta haifi rasas tana ɗauke da ma'anar jera abu a matse shi har ya zama babu kafa. Aya ta 4 ta Suratus Saffi ta siffanta gini da kalma daga wannan saiwa, har wasu malaman tafsiri suka fassara ta da ginin da aka ɗaure da narkakkiyar dalma. Mai wannan ra'ayi zai ce daga nan ma'anar gini ta biyo kalmar zuwa Hausa.

Ban gamsu da wannan ba, saboda dalilai biyu. Maginin Hausa da tubali da ƙasa da makuba ya san aiki, dalma ba ta cikin kayan aikinsa. Sannan ayar tana magana ne a kan bango da ya matsu, ba a kan abin da ke binne a ƙarƙashinsa ba. Akwai kuwa wata kalmar Larabci da ma'anarta ta faɗa daidai kan tushen gini, wato al-asas. A bi ta da matakan da muka bi ɗazu: wasalin tsakiya ya faɗi a sami alsas, a ƙara i a ganɗanta a sami alsashi. Abin da ya rage shi ne l ta koma r a ƙarshen gaɓa, kuma wannan musaya ruwan dare ce a Hausa: halshe da harshe, galma da garma, har ma dalma da darma da muke magana a kai. Ke nan ar-rasas da al-asas sun taso daga wurare biyu, dokokin sautin Hausa suka kai su masauki ɗaya.

Abin da ke ƙarfafa wannan shi ne Hausa ta sake aron al-asas karo na biyu ta hannun malamai, wannan karon babu harafin ta'arifi. Daga nan muka sami asasi da aikatau assasa. Mai cewa an assasa makaranta da mai cewa an aza harsashinta saiwa ɗaya suke taɓawa ba tare da sun lura ba. Don haka ƙamus ya kamata ya ba harsashi shiga biyu, kowace da tushenta. Akwai ma shaida daga jam'i: harsasai na bindiga ne. Ba a cika jin wanda ya ce an haƙa harsasan gidaje ba.

Lokacin da bindiga take nufin harsashi

Mafi ban mamaki a cikin kalmomin uku ita ce bindiga, domin a asalinta ita ce sunan abin harbin. Bunduƙ a Larabci sunan wani ɗan itace ne ƙanƙane mai ɓawo mai tauri, wanda aka fi nomawa a gaɓar Baƙin Teku ta ƙasar Turkiyya. Sunan ma daga Girkanci ya fito, daga Pontus, tsohon sunan wannan yanki. Da yake girmansa da siffarsa sun yi daidai da ƙwallayen yumɓu da ake busarwa ana harbin tsuntsaye da su, sai sunan ya koma kan ƙwallayen. Bakan da ake harba su da shi ana ce masa bakan bunduƙ, kuma harbi da shi ya zama wasan manya a Bagadaza, musamman a zamanin Halifa an-Nasir wanda ya yi mulki daga 1180 zuwa 1225. Da makamin wuta ya bayyana, sai ya gaji sunan, aka kira shi bunduƙiyya, ma'ana mai harba bunduƙ. Wasu na danganta sunan da birnin Benis na Italiya, wanda Larabawa ke kira da irin wannan lafazi, amma bunduƙ na harbi ya girmi bindigar wuta da ƙarnuka, kuma shi kaɗai ya isa ya bayyana sunan.

Littattafan fiƙihu sun adana mana wannan tarihi fiye da ƙamusoshi. A babin farauta na Sahihul Buhari an kawo fatawar Abdullahi ɗan Umar cewa dabbar da aka kashe da bunduƙa mushe ce. Dalili shi ne ƙwallon yumɓu ba ya huda, buguwa yake yi, dabbar ta mutu da nauyin dukan. Da bindigar wuta ta yaɗu a Magrib, sai tambaya ta taso: hukuncin nan ya hau kan abin da ita ma ta kashe? Malaman Malikiyya na birnin Fas suka raba bunduƙ gida biyu, na yumɓu da na dalma. Abdulƙadir al-Fasi, wanda ya rasu a 1680, ya yi fatawar halaccin abin da aka farauta da na dalma, saboda shi yana huda fata yana zubar da jini, kuma ɗansa Abdurrahman ya shigar da fatawar cikin littafinsa na ayyukan da malaman Fas suka gudana a kai. Malaman Malikiyya na baya, irin su ad-Dasuƙi, sun ci gaba da kawo ta.

Lafazin da waɗannan malamai suka yi amfani da shi shi ne bunduƙur rasas, wato ƙwallon dalma. A dubi abin da Hausa ta yi da wannan suna mai kalma biyu. Rabin farko ya zama sunan makamin, rabi na biyu ya zama sunan abin da makamin ke harbawa. Idan aka mayar da harsashin bindiga zuwa tushensa kalma da kalma, abin da za a samu shi ne dalmar ƙwallo.

Sautin g na bindiga shi ma shaida ne. Kalmomin da suka shigo ta hannun malamai sun riƙe ƙ a gurbin ƙafun: alƙali, alƙalami. Waɗanda suka shigo ta bakin Larabawan sahara da na yankin Tafkin Chadi, masu furta ƙafun kamar g, su ne suka zo da g, irin su gahawa da bindiga. Joseph Greenberg ya yi amfani da irin wannan ma'auni a 1947 wajen raba kalmomin aro na Larabci a Hausa gida biyu, na baka da na littafi, kuma Mervyn Hiskett ya sake duba batun ta fuskar tarihi a 1965. Sauyin u zuwa i kuwa ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya san buki da biki, ko bunne da binne.

Yaushe suka iso?

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, cikin kayan da wani basarake, Dagaci, ya zo da su daga Borno. Masana tarihi da yawa na ganin wannan ya yi wuri ƙwarai, domin a lokacin ko a ƙasashen da ake ƙera ta bindigar hannu ba ta gama kankama ba. Shaida ta fi ƙarfi daga ƙarni na 16. Ahmad ibn Furtuwa ya rubuta cewa Mai Idris Aloma na Borno ya samo Turkawa masu harbi da bindiga, kuma a 1591 rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha ta karya Songhai a Tondibi da ƙarfin bindiga. Wato kafin 1600 an ji ƙarar bindiga a gabas da yammacin ƙasar Hausa, kuma a duka ɓangarorin daga masu jin Larabci ko Turkanci ta fito. A Kano kanta, Tarihin Kano ya ce an kawo bindigogi daga Nupe a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Akwai abin lura a nan. Bindigogin Nupe daga bakin teku suka hauro, na Turawa ne. Duk da haka Hausa ba ta ɗauki sunan da Yarabawa ke kiran bindiga da shi ba, wato ibon, a matsayin babban suna. Kaya sun zo daga kudu sun tarar da suna ya riga su zama daga arewa.

Ko da sunayen suka zauna, makamin bai yi yawa ba. Yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 da kwari da baka aka ci shi, kuma binciken Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato ya nuna cewa sai a kashi na ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita. Damagaram a zamanin Sarki Tanimu ta yi fice wajen tara bindigogi, har ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a Zinder. Wannan jinkiri ya bar tabo a harshe. Sunaye ne kawai aka aro, aikatau kuwa duk na baka da kibiya ne da na tarko: a ɗana, a auna, a harba. Harbi kansa na kunama ne da na jaki tun kafin ya zama na bindiga, kuma ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa har yau kunama ake ce masa.

Yadda albarushi ya sami jam'i

Albarushi daga al-barud yake, baƙin garin da ake haɗawa da gawayi, farar wuta da gishirin da ke ba shi iskar ƙonewa. Ƙarshen kalmar yana da matsala. Dalun ta Larabci ba ta saba komawa sh a Hausa ba: al-ahad ya ba mu Lahadi, ba Lahashi ba. Bisa ƙa'ida albarudi ko albaruji ya kamata a samu. Ina ganin a nan ma maƙwabtaka ce ta yi aiki, sai dai wannan karon harsashi ne ya ja ɗan'uwansa. Kalmomin biyu tare ake saye, tare ake ɗurawa, tare ake ambato, har ɗaya ta ɗauki amon ƙarshen ɗaya. Jam'in ya bi sawu: harsasai, albarusai. Lafazin alburushi da ya fi yawa a yau naso ne na wasali, u ta gaba ta jawo a ta baya.

Ga maharbi mai bindigar toka, wadda ake yi wa kirari da harba-ka-ruga, babu yadda za a yi kalmomin su cakuɗe. Yana ɗura albarushi ta baki, ya tura tsumma ya danna, sannan ya sa harsashi, wanda kan zama dalma ko guntayen ƙarfe. Kowanne da mazubinsa, kowanne da kuɗinsa. Wannan bindiga ta daɗe a hannun talaka fiye da yadda ta daɗe a wasu sassan duniya, kuma da dalili. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka na wannan yanki bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu da garin albarushi na kasuwa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ita ma ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a rukuni na daban.

A hannun soja kuwa labari ya riga ya sauya. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka fara haɗa abu huɗu a jiki ɗaya: kwanson tagulla, ɗan abin da ke tayar da wuta a gindinsa, gari a cikinsa, da ƙwaya a bakinsa. A 1884 Paul Vieille ya samar da gari marar hayaƙi a Faransa, a shekarar kuma Hiram Maxim ya fito da bindiga mai sarrafa kanta. Irin wannan bindiga ce ta yi ɓarna a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903. Bahaushe ya dubi ɗamarar harsasan da ke shiga cikinta ya kira ta mai jigida, suna da ya fi duk wata fassara da kwamiti zai zauna ya ƙirƙiro.

To wannan dunƙulallen abu mai kashi huɗu, me za a kira shi? Turanci da Faransanci suna da kalma ta daban gare shi, Larabci ma haka. Hausa ba ta ari sabuwa ta tsaya a kai ba. Tana da tsofaffin sunaye biyu, kowanne na wani ɓangare na abin, sai ta miƙa kowannensu ya rufe dukkansa. Mai kallon ƙwayar ya ce harsashi, mai tuna garin ya ce albarushi. Tun da sabon abin ana ƙirga shi, dole albarushi ya koyi jam'i. Sojojin mulkin mallaka, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, da Sashen Hausa na BBC daga 1957, su ne irin hanyoyin da sabuwar ma'ana kan bi ta game ƙasa.

Amma kalmomin biyu ba su zama tagwaye ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so a lura da shi. A gwada su a jimla. Ana cewa an kama harsasai, ana cewa an kama alburusai, duk daidai. Ana cewa harsasai sun ƙare musu, ko alburusai sun ƙare musu. Amma idan an zo kan rauni, harsashi ya same shi a kafaɗa shi ne zancen da ya fi zama a kunne. Akwai masu cewa alburushi ya same shi, sai dai duk wanda ya taɓa ɗura bindigar toka zai ji wani iri, domin a wurinsa gari ƙuna yake yi, ba ya huda. A ɗaya gefen, babu mai cewa warin harsashi idan yana nufin abin da ke tashi bayan 'yan bindigar sarki sun yi harbi a hawan salla. Wannan warin albarushi ne. Ke nan kowace kalma tana da ɗakinta, sai tsakar gida da suka haɗa, wato abin da ba a riga an harba ba.

Kalmar a bakin 'yan jarida

Rahotannin rashin tsaro na shekarun nan sun sa kalmar a bakin kowa, sun kuma jawo mata sababbin abokan tafiya. Wasu sun zauna daram. Ruwan harsasai Hausa ce tsantsa, ginin ruwan duwatsu da ruwan kibau. Kwanson harsashi ya dace. Rigar sulke da mota mai sulke sun farfaɗo da kalmar da ta kusa zama ta hawan daba kaɗai. Harsashin roba ma ba shi da laifi, ko da yake mai bin asali zai yi murmushi, tun da dalmar roba yake faɗa. Makami mai linzami ya ɗauko al-lijam, wata tsohuwar kalmar aro ta kayan doki, ya ba ta aiki a sararin sama. 'Yan bindiga kuwa sun yi mummunar faɗuwa, daga dogarawan Babba Zaki zuwa masu tare hanya da satar mutane.

Wanda bai zauna ba shi ne harsashi mai rai. Wannan fassarar kalma da kalma ce daga Turanci, kuma ba ta gaya wa mai sauraro komai. Rai a Hausa na abin da ke numfashi ne. Abin da ake son a ce shi ne ba na roba ba ne, ba kuma holoƙo ba ne mai ƙara kawai. Harsashin gaske ya biya wannan bukata, kuma tsohuwa a ƙauye za ta gane shi ba tare da an yi mata sharhi ba.

Ta fuskar rubutu, ana ganin harsashai a gefen harsasai, ana kuma ganin harshashi. Na farko yana nuna cewa wasu masu magana sun daina jin sh a matsayin s da aka ganɗanta, sun mayar da ita cikin saiwar kalma. Na biyu naso ne daga nesa, sh ta ƙarshe ta jawo s ta tsakiya. Duka biyun abin nazari ne ga mai binciken karin harshe, amma a daidaitacciyar Hausa harsashi da harsasai su ne suka bi ƙa'ida. Sai kuma masu rubuta harsashe a inda suke nufin hasashe, har ka ga an ce harsashen yanayi. Wannan wata kalma ce dabam, edita ne kawai ya yi barci.

Inda rashin rarrabewa ke iya yin illa shi ne kotu da asibiti da fassarar doka. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta ambaci makaman, ta kuma ambaci abin da ake ɗura musu a matsayin abu mai zaman kansa. Shaidar da ke gaban alƙali takan rataya a kan bambanci tsakanin abin da aka samu a aljihun wanda ake tuhuma, da abin da aka tsinta a ƙasa, da abin da likita ya ciro. Tafinta da ya kira ukun duka harsashi ya haɗe hujjoji uku ya mayar da su ɗaya. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba, domin kayan aikin suna nan a bakin mutane. Wanda ba a harba ba, cikakke da kwansonsa, a bar masa alburushi da alburusai, tun da can ma'anar ta riga ta karkata. Wanda ya fita daga bakin bindiga a kira shi harsashi, ko ƙwayar harsashi idan ana son ƙarin bayani. Abin da ya faɗi a ƙasa kwanso ne. Garin kuwa, wanda shi ne mai sunan na asali, yanzu sai an ce garin albarushi kafin matashi ya gane abin da ake nufi, kuma haka ya kamata masu ƙamus su shigar da shi.